Tumbi a Dama, Hanta a Hagu: Tiyatar Rage Ƙiba ga Masu Juyayyen Ciki

A ɗakin ɗaukar hoton ƙirji akwai wata 'yar dalma da muke liƙawa a kusurwar faifai kafin a danna na'ura, mai nuna ina ne dama, ina ne hagu. Ita ake fara koya wa ɗalibi, ita kuma ake fara zargi in hoto ya fito a birkice. Shekarun baya wani matashi ya zo mana gwajin lafiya na shiga jami'a, lafiyarsa ƙalau, har ƙwallo yake bugawa a unguwarsu. Na ɗauki hoton aka kai wa likita. Ba a jima ba sai ga likitan da kansa, hoton a hannu.

"Malam, an liƙa alamar nan a baibai. Dubi inda zuciya ta kwanta."

"Likita, da hannuna na liƙa ta. A kira yaron a saurari ƙirjinsa."

Aka kira shi. Likita ya ɗora abin sauraro a ƙarƙashin nonon hagu, ya ji bugun can nesa-nesa. Ya mayar dama, sai ga shi raɗau. Muka koma kan hoton. Iskar da ke taruwa a saman tumbi, wadda kullum muke ganin baƙinta a ƙarƙashin huhun hagu, tana dama. Farar inuwar hanta tana hagu. Yaron ya dubi likita, ya dube ni, ya ce, "Ranka ya daɗe, to wane magani zan sha?" Likita ya ce babu, ya tafi ya ci gaba da ƙwallonsa, amma duk ranar da ya shiga asibiti, ko haƙori za a cire masa, ya faɗa tun daga bakin ƙofa.

Likitoci na kiran wannan halitta situs inversus, mu kuwa mu ce juyayyen ciki. Kusan mutum 1 cikin 10,000 ake haifa haka. Zuciya, tumbi da saifa suna dama. Hanta, matsarmama da afendis suna hagu. Huhun nan mai ɓari uku, wanda a jikin sauran mutane yake dama, ya koma hagu. Komai yana nan, komai na aiki, sai dai an jera shi yadda mutum yake ganin kansa a madubi. Garin da ke da mutum miliyan 4, a lissafi, yana da irin waɗannan kimanin 400, kuma da yawansu za su rayu su tsufa ba su taɓa jin labari ba. Ɗan wasan ƙwallon kwando na Amurka Randy Foye ya shekara fiye da goma yana buga gasar NBA da zuciyarsa a dama.

Abin ya daɗe a littattafan likitanci. Marco Aurelio Severino, likitan fiɗa a Italiya, ya ba da bayanin zuciyar dama a 1643. A 1788 Matthew Baillie ya rubuta cikakken bayanin wata gawa da aka buɗe a Landan aka tarar dukan kayan cikinta a juye. Amma yadda jiki yake tantance damansa da hagunsa tun farko, wannan sai kusan jiya aka gane, kuma a wurina shi ne mafi ban mamaki a dukan labarin.

A mako na uku da shigar ciki, lokacin da ɗan tayi bai kai ƙwayar gero ba, akwai wani ɗan gurbi a jikinsa mai ɗauke da silin gashi ƙanana da ido ba ya gani. Silin nan suna jujjuyawa, suna kora ruwan da ke wurin zuwa hagu. Wannan gudun ruwa ne ke tayar da wasu ƙwayoyin gado a ɓangaren hagu kaɗai, su kuma su ba da umarni: zuciya ta karkata nan, tumbi ya lanƙwasa nan, hanta ta tafi can. Masu bincike a Jafan, Shigenori Nonaka da Nobutaka Hirokawa da abokan aikinsu, su suka nuna haka a jikin ɓeraye a 1998. In silin ba sa motsi, ruwan ba ya gudu, sai abin ya zama canki-canka: rabin jariran su fito daidai, rabi a juye.

Wannan ne ya warware wata tsohuwar tambaya. A 1933 wani likita a Zurich, Manes Kartagener, ya lura da marasa lafiya masu abu uku a tare: juyayyen ciki, ciwon hanci da majina da ba sa jin magani, da lalacewar hanyoyin iska a huhu. Me ya haɗa hanci da wurin zaman hanta? A 1976 Björn Afzelius na Suwidin ya nuna cewa silin gashi ne. Irin waɗanda ke kora ruwa a jikin ɗan tayi, irinsu ne ke share majina daga huhu da hanci, kuma da irin ginin su aka yi wutsiyar ƙwayar maniyyi, shi ya sa maza da yawa masu wannan lalura suke fama da rashin haihuwa. Kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na masu juyayyen ciki suna da ita. Gadonta ake yi daga uwa da uba duka biyun, don haka ta fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita, abin da ya kamata mu sani a ƙasar Hausa ba tare da an mai da shi abin tsoro ba.

To me ya kawo zancen ƙiba? Juyayyen ciki ba ya sa ƙiba, ba ya kuma hana ta. Sai dai ƙiba ta yi yawa a duniya har ta fara cim ma waɗannan 'yan tsiraru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas na da ƙibar da ta zama cuta, sama da mutum biliyan 1 ke nan. Raba wannan da 10,000 ka ga yawan waɗanda abu biyun ya haɗu a kansu.

Mu nan har yanzu muna yi wa teɓa kirari. Namiji ya ajiye tumbi a ce ya samu duniya, amarya ta cika a ce gidan miji ya karɓe ta. Akwai ma 'yan matan da ke sayen dexamethasone da cyproheptadine a kemis don su yi jiki, magungunan da aka yi don wasu cututtuka dabam. Amma ƙibar da likitan fiɗa ke magana a kai wata aba ce daban. Ita ce wadda mutum ba ya iya sujada sai a kan kujera, gwiwoyi sun cinye, suga da hawan jini sun zauna, da dare numfashi na ɗaukewa cikin minshari har matarsa ta riƙa girgiza shi. Ana auna ta da lissafi mai sauƙi: a raba nauyi a kilo da tsawo a mita, a sake raba abin da ya fito da tsawon. Mai tsawon mita 1.7 in ya kai kilo 101 ya shiga 35, in ya kai kilo 116 ya shiga 40. Ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ta ce a yi tiyata daga 40, ko daga 35 in akwai suga ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta: daga 35 ko da babu wata cuta, daga 30 in akwai ciwon suga.

Tiyatar ba zuƙe kitse ba ce, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Ba a taɓa kitsen ma. Tumbi ake yi wa aiki. Edward Mason na Jami'ar Iowa ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki suna ramewa kuma ba sa mayar da jiki, sai ya gina tiyatar kewaye tumbi a kan haka a 1966. A yau iri biyu suka fi yawa. Ta farko, wadda ta fi kowace yawa a duniya, ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi, a bar siririn bututu, shi ya sa ake ce mata hannun riga. Ta biyu ita ce kewayen: a ware 'yar jaka a saman tumbi wadda ba ta ɗaukar fiye da cokali biyu na cin abinci, a janyo ƙaramin hanji a haɗa da ita, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Duk biyun suna rage wurin zuba abinci, amma aikinsu ya wuce nan. Sinadarin girelin mai tayar da yunwa, wanda aka gano a Jafan a 1999, yawancinsa daga saman tumbi yake fitowa, daidai sashen da ake cirewa a hannun riga. Bayan kewaye kuwa sau da yawa suga yakan sauka cikin kwanaki, tun kafin mutum ya zubar da wani nauyi na kirki. A ƙarshe akan zubar da kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyin jiki. Wani babban bincike da aka fara a Suwidin a 1987 kan mutum kimanin 4,000 ya nuna, a sakamakonsa na 2007, cewa mace-mace sun ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a cikin waɗanda aka yi wa tiyata.

Yanzu ba a tsaga ciki. Huda ake yi, huɗu ko biyar, kowace ba ta fi faɗin yatsa ba. A hura iska ciki ya tashi, a zura kyamara ta ɗaya, dogayen kayan aiki ta sauran, likita yana kallon allo yana aiki. A nan ne juyayyen ciki yake zama magana.

Bari in bi da ku hannun riga a jikin mutum na yau da kullum. An kwantar da shi an ɗaga kansa sama don hanji ya zame ƙasa. An zura wani ƙarfe an ɗage ɓarin hanta da ke rufe saman tumbi. Likita ya fara daga ƙasa, santimita 4 zuwa 6 daga mafitar tumbi, yana ƙone jijiyoyin jinin da ke bin babban lanƙwasan tumbi ɗaya bayan ɗaya, yana hawa zuwa hagun mara lafiya. Can sama akwai wasu gajerun jijiyoyi tsakanin tumbi da saifa. Nan ne wurin da kowa a ɗakin yake yin shiru, domin saifa taushi gare ta, ja kaɗan ta yage, jininta kuma ba ya tsayawa da sauƙi. In an wuce nan, likitan sa barci ya zura wani bututu ta baki har cikin tumbi ya zama ma'auni. Sai a kawo sitefila, wadda ke ɗinkewa da yankewa a lokaci guda, a bi gefen bututun ana dannawa sau biyar ko shida har sama. A zuba ruwa mai shuɗi ta bututun a ga ko ɗinkin na yoyo. A jawo yankakken tumbin ta ɗaya daga cikin hudojin. Wajen awa guda an gama.

Likitan da ya yi wannan sau ɗari-ɗari ba ya tunanin kowane motsi. Hannun hagu ya san nasa aikin riƙewa da ja ne, na dama ya san nasa yanka ne da ɗinki. Ido ya san saifa za ta bayyana a saman allo ta dama. Ranar 2 ga Afrilu 1972, da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, hanyar Kano zuwa Zariya ba ta canja ba, motar ma ita ce dai. Abin da aka ji wa tsoro shi ne hannun direban da ya shekara ashirin yana kaucewa hagu in ya ga haɗari. Haka yake a ɗakin tiyata. Da mai juyayyen ciki a kan gado, saifa tana ɗaya ɓangaren, hanta ta rufo daga inda ba a saba ba, kuma aikin da hannun dama ya ƙware a kai ya faɗo a gaban hannun hagu. Ko dai likita ya yanka da hagu, ko ya gitta hannuwansa, ko ya sake wa hudojin wuri yadda damansa za ta kai. Akan ce bahagon likita ya fi samun sauƙi a nan. Ni dai ina ganin ana zuzuta wannan, domin bahagon ma a jikin mutane na yau da kullum ya koyi aikinsa, idonsa ya saba da abin da na kowa ya saba.

Abin da likitocin da suka yi aikin suke bayarwa a rahotanninsu kusan iri ɗaya ne, kuma babu siddabaru a ciki. A juya ɗakin tun kafin a shigo da mara lafiya: allo ya koma ɗaya kafaɗar, mataimaki da mai miƙa kaya su yi musayar wuri, a zana wuraren huda a kan fata da alƙalami. Da yawa sukan tsaya tsakanin ƙafafun mara lafiya, tsayuwar da likitocin Faransa suka yi suna da ita, domin daga tsakiya juyin bai kai tsananin na wanda ya tsaya a gefe ba. Sannan a tafi a hankali, a riƙa faɗin sunan kowace gaɓa da baki kafin a taɓa ta. Aikin yakan ɗan fi daɗewa, kuma ba wanda ya kamata ya ji kunyar haka.

Kewaye ya fi hannun riga wuyar sha'ani, saboda hanji. Dole likita ya nemo daidai inda ƙaramin hanji ya fito daga bayan ciki, wurin da wata jijiya mai suna Treitz ta rataye shi, a hagun ƙashin baya ga yawancin mutane, a dama ga mai juyayyen ciki. Daga nan ya auna, ya yanke, ya samu baki biyu. Ɗaya zai hau sama ya haɗu da 'yar jakar tumbi, ɗaya kuma, mai ɗauko ruwan matsarmama, a haɗa shi can ƙasa bayan santimita 100 zuwa 150. Bakunan nan biyu kamarsu ɗaya sak. Abin da ke bambanta su shi ne ta ina kowanne ya fito. In aka ɗauki wanda ba shi ba aka kai sama, an yi zobe rufaffe: abinci da ruwan matsarmama su riƙa komowa, mara lafiya ya yi ta amai har sai an sake buɗe shi. Wannan kuskure ya faru ko a jikin da ba a juye yake ba, balle inda dama da hagu suka yi musaya. Ƙari a kan haka, wasu masu wannan halitta hanjinsu bai kammala nasa juyin ba tun suna ciki, yana kwance inda ko madubin bai nuna ba. Shi ya sa likitoci da dama suka fi karkata ga hannun riga a irin wannan hali, sai in mutum na da ƙwannafi mai tsanani, wanda hannun riga kan ƙara wa ƙarfi, ko suga mai taurin kai da kewaye ya fi yi wa magani.

Abin sha'awa, da mai wuyar aka fara. Alan Wittgrove da Wesley Clark na San Diego, waɗanda suka fara yin kewaye ta hanyar huda suka bayyana shi a 1994, su ne kuma a 1998 suka ba da rahoton yin sa ga mai juyayyen ciki. A 2005 likitoci a Turkiyya suka ba da rahoton ɗaura zoben matse tumbi ga irin wannan mara lafiya, tiyatar da yanzu an kusa daina yi. A 2006 Jean-Marc Catheline da abokan aikinsa a Faransa suka yi hannun riga. Daga nan rahotanni suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya daga ƙasashe daban-daban, 'yan gomomi gaba ɗaya, kusan dukansu da sakamako mai kyau: an zubar da nauyi kamar kowa, an warke kamar kowa. Na yarda da su, amma da ɗan taka-tsantsan. Likita yakan zauna ya rubuta aikin da ya yi kyau. Wanda saifa ta yage a hannunsa ba kasafai yake neman mujallar da za ta buga ba.

A sanina na mai ɗaukar hoto, rabin tiyatar nan a wajenmu ake yin ta, kwanaki kafin a taɓa wuƙa. Hoton ƙirji da gwajin bugun zuciya su ne sukan fara tona asiri. A takardar gwajin zuciya layin farko yakan fito a kife, kuma a nan ma abin da ake fara cewa shi ne an saka wayoyin a baibai. In an tabbatar, sai a juya wayoyin da gangan, na ƙirji su koma dama, in ba haka ba duk abin da na'urar ta rubuta zai yi kama da ciwon zuciya alhali babu. Ana kuma duba zuciyar da na'urar sikanin, domin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na masu cikakken juyi suna da wata naƙasar zuciya ta haihuwa, a sauran jama'a kuwa kusan kashi 1 ne. Sai hoton siti-sikan na ciki, wanda shi ne taswirar likitan fiɗa: ina saifa, guda nawa ce, ta ina manyan jijiyoyi suka bi, yaya hanji ya kwanta.

Tambayar "guda nawa ce" ba wasa ba ce. Cikakken juyi shi ne mai sauƙi. Akwai waɗanda juyinsu rabi-da-rabi ne: hanta a tsakiya, saifa babu ko kuma ƙanana da yawa, jijiyoyi sun bi wata hanya, zuciya sau da yawa da babbar matsala. Akwai kuma waɗanda zuciyarsu na hagu daram amma kayan ciki a juye. Su ne hoton ƙirji kan yaudari mai gaggawa, in bai sauke ido ya duba ina iskar tumbi take ba. Wata tsohuwa a jihar Oregon ta Amurka ta rasu a 2017 tana da shekara 99, ta ba da gawarta don koyarwa, sai ɗaliban likitanci suka tarar haka cikinta yake. An yi mata tiyata fiye da sau ɗaya a rayuwarta, amma ita da 'ya'yanta ba wanda ya sani.

Likitan sa barci shi ma da nasa. Mai ƙiba sosai dama numfashinsa abin lura ne. In kuma yana da lalurar Kartagener, huhunsa ba ya share kansa, majina na kwance, ga shi za a hura masa iska a ciki ta danne huhun daga ƙasa. Irin wannan sai an yi makonni ana gyara ƙirjinsa da motsa jiki da magani kafin a sa rana, bayan tiyata kuma a tashe shi tafiya tun ranar. Don haka duk mai juyayyen ciki da ya san tun yana yaro ba ya rabuwa da tari da toshewar hanci, ya faɗa, ko ba a tambaye shi ba.

A cibiyoyin da suka ƙware, mutuwa daga tiyatar rage ƙiba ba ta wuce 1 zuwa 3 cikin 1,000 ba, yoyon ɗinki kuma 1 zuwa 2 cikin 100. Ban ga dalilin da zai sa a hana mai juyayyen ciki wannan aiki ba in yana bukatarsa. Alluran rage ƙiba irin su Wegovy da suka fito a 'yan shekarun nan sun ba wasu wata mafita, amma tsada gare su, kuma in an daina nauyin yakan dawo. Abin da zan ce kawai, kada ya zama shi ne mutum na goma da likitan ya taɓa yi wa aikin. Ya nemi wanda hannunsa ya faɗa, a asibitin da ke da siti-sikan da ɗakin kulawa ta musamman.

Damuwata ta fi yawa a kan abin da ke biyo bayan an sauko daga jirgi. Mutanenmu da ke yin wannan tiyata da dama waje suke zuwa, Masar, Indiya, Turkiyya, Dubai. A yi aiki, a kwana biyu ko uku, a huta mako guda a otal, a dawo. Likitan da ya ga cikin da idonsa yana Alƙahira. Wanda zai karɓi mara lafiya da tsakar dare in abu ya tashi yana Kano ko Maraɗi, bai taɓa ganinsa ba.

Bayan tiyata, abincin kowa iri ɗaya ne, juyayye da wanda ba juyayye ba: mako biyu na ruwa-ruwa, romo da kindirmo da kunu marar suga, sannan mai laushi irin alale, ƙwai da kifi, tuwo sai can daga baya kuma 'yar loma. Lemon kwalba da fura mai zaƙi suna iya rushe dukan aikin, domin ruwa ba ya jin ƙanƙantar tumbi. Ƙwayoyin bitamin, musamman B12, da na ƙarin jini da na ƙashi, har abada ne. Wanda aka yi wa kewaye ya nisanci diclofenac da ibuprofen, waɗanda muke sha kamar gyaɗa, don suna haƙa gyambo a mahaɗin. Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Azumin shekarar farko kuwa a tambayi likita kafin a ɗauka, saboda wanda ba ya iya shan kofi guda a zama ɗaya ba zai rama ƙishin yinin bazara tsakanin magariba da asuba ba.

Inda suka bambanta shi ne gefen da ciwo zai nuna. Ɗinki in ya yi yoyo, alamunsa bugun zuciya sama da 120 a minti, zazzaɓi, da ciwo a kafaɗar hagu. Ga mai juyayyen ciki kafaɗar dama ce za ta iya amsawa, likitan da bai sani ba kuma hankalinsa zai tafi kan matsarmama. Ita matsarmamar ma tana nan tafe. Ramewa da sauri tana sa tsakuwa ta taru a cikinta ga kusan mutum ɗaya cikin uku, ko da yake ba duka take damu ba, shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin rigakafi na wata shida. In ta tashi, ciwon a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu zai kama, inda kowa zai ce gyambon ciki ne, a ba da maganin olsa a sallama. Afendis kuma a ƙasan ciki ta hagu. Don a ƙara rikita lissafi, wasunsu sukan ji ciwon a gefen da kowa ke ji duk da gaɓar tana ɗaya gefen, domin jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ba lalle su bi juyin ba.

Saboda haka wanda aka yi wa aiki a waje kada ya baro asibitin sai da takardar bayanin tiyata da Turanci, mai faɗin wace iri aka yi da yadda aka tarar da cikin, da faifan siti-sikan ɗinsa, da kwafin gwajin zuciyar da aka yi da wayoyi a juye. Ya ɗauki hotonsu a waya, ya tura wa matarsa ko mijinta da babban ɗa, domin ranar da za a bukace su mai yiwuwa ba shi zai yi magana ba. A aljihu kuma, tare da katin shaida, 'yar takarda mai layi biyu ta isa: sunan halittar da Latin yadda kowane likita zai gane, da sunan tiyatar da shekarar da aka yi ta. In irin wannan takarda ta zo hannunmu a ɗakin sikanin, daga haƙarƙarin hagu muke fara neman matsarmama.